Bi Zuhura, Wadda Ta Koya wa Tela Riƙon Takobi

Ranar Laraba, tara ga watan Oktoba, da hantsi, ina zaune kan keken ɗinki sai ga Mwanakombo, 'yar maƙwabciyata, ta tsaya a bakin ƙofata. Ba ta shigo ba. Ta ce, "Mama ta cika." Haka labarin rasuwarki ya iske ni, Bi Zuhura binti Mwinyihija, maƙwabciyata ta shekara ashirin da shida a layi na sha biyu, unguwar Ngamiani, nan birnin Tanga, inda ake sa wa mace "Bi" a gaban suna don girmamawa. Kin bar duniya kina da shekara saba'in da ɗaya. Wanda ya ba mu aron ki ya karɓi abinsa, mu ma wurinsa muka nufa.

Na san akwai waɗanda za su yi maganar shekara talatin da kika yi kina aiki a gidan waya ba a taɓa jin kanki da kowa ba. Akwai waɗanda za su tuna tukunyar shinkafa da kwakwa da kike aikawa duk gidan da aka yi haihuwa a layinmu. Duk gaskiya ne. Ni abin da zan faɗa wasu dariya zai ba su, amma shi ne nawa: ke kika koya mini wasan kwamfuta bayan na haura shekara sittin, kuma ta dalilin haka na koma sana'ata.

Shekara huɗu da suka wuce ɓarin jikina na dama ya shanye. Baki ya dawo, ƙafa ta dawo ina ja, amma hannu ya ƙi. Mace irina da ta shekara arba'in tana cin abinci da allura, sai ga shi ko cokali ba na iya riƙewa. Likita ya ba ni ƙwallon roba ya ce in riƙa matsawa safe da yamma. Na jefa shi bayan gado. Na rufe keken da tsohon zane, na rufe ƙofata, wata biyar ko dakali ban fito ba. Har na aika a nemo mini mai sayen keken.

Ana cikin haka kika shigo wata rana bayan la'asar, ɗauke da kwamfutar da ɗanki Jumbe ya kawo miki daga aikinsa na jirgin ruwa, da rimot ɗin wasa mai maɓallai. Duk unguwa an san kina wannan wasa tun da kika yi ritaya, ana ta tsokanarki a kai. Kika ajiye su kan tabarma kika ce, "Fundi, matso. An kewaye wani gari, ana neman mai ceto, ni kuma na gaji." Fundi kike kirana kullum, kamar yadda ake kiran duk mai sana'ar hannu, ko a lokacin da na daina amsa sunan.

Na ce, "Bi Zuhura, da wane hannun?"

Kika ce, "Da wanda ya rage, ɗayan ya zo kallo."

Wasan muna ce masa Ƙasar Fitilu Tara. Mutum yakan ƙera jarumi nasa, ya sa masa suna, ya shiga da shi wata duniya ta tatsuniya mai garuruwa da dazuzzuka da dodanni, yana tafe yana ƙara ƙarfi. Da aka nuno mini jaruman da zan zaɓa, idona ya tafi kan wata mai doguwar alkyabba da sanda mai walƙiya. Kika girgiza kai. Kika ce wannan sai wanda ya goge, bugu biyu take faɗuwa. Mai farawa ya ɗauki mai takobi da garkuwa, domin tana jure duka, tana ba mutum damar yin kuskure ya gyara. Na ɗauki mai garkuwa, na sa mata sunan kakata, Mwanamkuu. Na ɓata rabin sa'a wajen gyara mata hanci, kina zaune kina shan shayin citta, daga baya kika ce, "Yanzu za a kifa mata hular ƙarfe, ba mai sake ganin hancin nan."

Abu na biyu da kika koya mini shi ne adanawa. Kafin in buɗe kowace ƙofa, kafin in shiga kowane kogo, in adana wasan, don idan aka kashe ni in taso daga nan, ba daga farko ba. Ban ji ba. Rana ta uku na yi tafiyar sa'a guda, na tara kaya, wani kare mai kai biyu ya cinye ni, komai ya goge. Na kusa yin kuka. Ba ki ce mini ai na gaya miki ba. Kika tura mini farantin alawar kwakwa, kika ce kowa sai ya biya wannan kuɗin makarantar sau ɗaya. Daga ranar ban sake mantawa ba. Ko kiran salla aka yi, sai in ji muryarki: "Adana, a tashi." Dodo bai taɓa sa kin jinkirta salla ba.

Kin hana ni gaggawa. Kika ce kada in bar ƙauyen farko sai na yi magana da kowa, mai burodi da mai gadi da tsohuwar da ke bakin rijiya, in karɓi ƙananan aiken da suke bayarwa. Na yi ƙorafi na ce ni da aka ce zan ceci gari, sai in ɓuge da neman akuyar wani? Kika ce da neman akuyar ake koyon tafiya da karatun taswira, kuma ladan ne zai sayi takalmi. Kika ce idan na shiga wani daji aka kashe ni da bugu ɗaya, ba ni ce ba ta iya ba, lokacin dajin ne bai yi ba. In juya, in dawo bayan na ƙara ƙarfi. Idan an ba ni makin ƙarfi kada in yayyafa shi ko'ina, in zuba a abu biyu, lafiya da takobi. Kwalaben magani kuwa in sha, kada in yi ta ɓoyo don wata babbar rana har in mutu da jaka cike.

Wautar da kika fi so ki ba mutane labari ita ce ta riga. Na shiga kasuwar wani gari na ga wata riga mai aikin zare a wuya, irin aikin da na san wahalarsa. Na sayar da takobina ɗaya tilo na saye ta. Da kika dawo daga alwala kika tarar da Mwanamkuu ta sha ado tana dambe da ƙwarangwal hannu banza. Kika yi dariya har sai da kika riƙe bango. Kika ce, "Tela dai tela ce, ko a filin yaƙi." Amma ba ki sa na mayar da rigar ba. Kika nuna mini inda zan tsinci wani tsohon gatari, na ci gaba da yaƙi cikin kwalliyata har na sami wani takobin.

Akwai abin da ban gane ba sai daga baya. Garkuwa da tafiya suna hannun hagu, amma saran takobi yana ƙarƙashin babban yatsan dama. Farkon fari da gefen hannu nake danna maɓallin, kamar mai kashe sauro. Kika saukar mini da wasan zuwa mataki mafi sauƙi, kika ce babu abin kunya a ciki, ba jarrabawa muke ba. Sannan kika zaƙulo ƙwallon likita daga bayan gado, kika kafa doka: matsa ashirin kafin a kunna. Na ce ashe da likita kuka haɗa baki. Kika ce, "Ni ban san shi ba. Na dai san mai takobi da yatsa ɗaya ba ta wuce gada."

Gadar nan ta wahalar da ni. Wani ƙato ne mai guduma yake tsare da ita, kuma ba a cinsa sai an tare, an kauce, an sara, cikin sauri. Sau ashirin da uku yana kayar da ni cikin mako biyu. Rannan na gaji na miƙa miki rimot na ce ki wuce mini da shi. Kika naɗe hannuwanki. Kika ce, "Na wuce tawa gadar tuntuni. Wannan taki ce. Ki daina kallon gudumar, kalli kafaɗarsa, ita ke fara motsi." Ban taɓa ganin kin karɓi rimot daga hannun mai koyo ba, ba ki kuma taɓa gaya wa kowa abin da ke gaba a labarin ba, duk yadda aka roƙe ki.

Ranar da na kayar da shi ana yayyafi, muna kan dakalinki. Na sara, na kauce, na sake sara, ƙaton ya durƙusa. Na juyo in yi miki kuri, sai na ga ba allon kike kallo ba, hannuna kike kallo. Babban yatsa da manuniya suna aiki kowanne da kansa, ban ma lura ba. Washegari kika aiko jikarki da rigar makaranta da maɓalli ɗaya ya cire, da allura an riga an zura mata zare. Na shafe kusan sa'a guda a kan maɓallin nan, ɗinkin ya fito a karkace, amma ya zauna. Bayan sati uku na yaye zanen da ke kan keken, na aika wa mai saye cewa na fasa.

Ba zan ce hannun ya koma yadda yake ba. Har yau ba na iya aikin zare mai laushi, kuma likita ya ce ƙwallonsa ne ya yi aikin. Na bar shi da ra'ayinsa. Na dai san wadda ta sa na ɗauki ƙwallon.

Bayan ni kin koya wa wasu. Dakalinki ya zama wurin taruwa bayan la'asar: matar mai sayar da kifi da 'ya'yanta suka watse suka bar ta da kaɗaici, da wata malamar makaranta da ta yi ritaya. Maza masu wucewa masallaci sukan tsaya su ce, "Yau dodo nawa aka kashe, sojoji?" Ki ce musu, "Biyu, saura masu tsayuwa a ƙofar mutane." Kowace sabuwa ta zo, abu guda kike fara gaya mata: ki ɗauki mai garkuwa, ki adana, ki gai da kowa.

Ciwon zuciyar da ya kama ki bai ja ki da nisa ba, kwana huɗu ne. Na je duba ki ranar Litinin na tarar da ke a jingine kina jan carbi, fuskarki a sake. Kika tambaye ni ko na gama ɗinkin bikin gidan liman, na ce saura riga biyu. Kika ce in daina zama wurin marasa lafiya in je in ƙarasa aikin mutane. Maganarmu ta ƙarshe ke nan, kuma na gode wa Allah da ta kasance irin wadda muka saba.

Da aka kawo farin yadi ranar Laraba, mata suka tsaya suna tambayar wa zai yanka. Na ce a ba ni almakashi. Da hannun dama na yanka likkafaninki, na haɗa shi. Ban taɓa yin ɗinkin da ya yi mini nauyi kamarsa ba, ban kuma taɓa yin wanda na ji na cancanci yinsa kamarsa ba.

Ya Allah, ga baiwarka Zuhura ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Yadda ta zauna da masu rauni ba ta gajiya, ka sanya haƙurin nan a mizaninta, ka sada ta da marigayi mijinta Mzee Mwinyikombo a Aljanna Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Jumbe, wanda labari ya iske shi a tsakiyar teku bai samu jana'iza ba, da Mwanakombo da ta yi jinyarta har ƙarshe, da jikokinta biyar, da dukan mutanen layi na sha biyu. Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci abin da ta bari. Mahaifiyarku ta yi zama mai kyau da mutane, ta tafi ba mai riƙe da ita a zuci. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Mwanaidi binti Kibwana, tela, Ngamiani, Tanga.