Littattafan da Aka Ƙona da Alwala

Shekaranjiya ina cikin keke napep daga Wunti zuwa Yelwa, direban ya kunna wata tsohuwar waƙa a wayarsa, irin ta kalangu da muka baro tun zamanin kaset. Ban san lokacin da na ce ya ƙara murya ba. Ya waiwayo yana dariya, wai ashe Hajiya ma ana taɓawa. Ni ba waƙar nake saurare ba, ƙoƙari nake in tuno abin da kakana ya rubuta a kanta, kuma har muka isa ban tuno ba. Raina ya ɓaci, har yanzu bai gama hucewa ba.

Kakan nan nawa na wajen uba tela ne, shagonsa na jikin zauren gidanmu a Wunti. Bai taɓa shiga aji ba. Boko da girmansa ya koya, yana bin sa da yatsa a hankali, amma in rubutu ne sai ajami. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci ba ya dawowa hannu rabbana: ko mujalla a naɗe cikin aljihun babbar riga, ko sabon kaset. Kuma yana da ƙa'ida. Kaset sai ya ji shi sau uku kafin ya yanke masa hukunci. Na farko yana taka keke, na biyu ya ajiye aiki ya naɗe hannu, na uku sai bayan kwana biyu, ya ga ko wani abu ya maƙale masa a ka. Sannan ya jawo littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya buɗe shafi da bisimilla, ya zuba ra'ayinsa. Mujalla ma haka yake bin ta, maƙala bayan maƙala.

Ni kaɗai yake karanta wa. Ina dawowa daga makaranta zan jefar da jaka in faɗa shagon, in baje kan tarin ƙyallaye, ga ƙamshin sabon yadi, ga warin man keke da hayaƙin gawayin dutsen guga. Sai ya ce, "Zo nan, amarya, ki ji yadda na yi da wannan." In ce Allah ya tsare ni da tsoho mai jan haƙori. Ya yi dariya har tabaransa ya zame.

Kai, tsohon nan ba ya raga wa kowa. Wani mawaƙi, ya rubuta cewa makaɗinsa ya fi shi, da hoton makaɗin aka sa a bangon kaset da an yi adalci. Wani kuma ya yi ta wasa attajiri tun daga farko har aka juya kaset, bai faɗi abu ɗaya da mutumin ya yi wa jama'a ba. Akwai wani mai dogayen maƙaloli a mujalla da ya ce ya yanka bai auna ba, hannun rigar har gwiwa, wuyan kuwa kai ba ya shiga. Amma in abu ya yi masa daɗi ba ya rowar yabo, sai ya cika shafi biyu. A haka na koyi hannunsa, ƙananan baƙaƙe a cushe, yawanci ba wasali.

Mutanen gida kuwa suna ganin tsoho ya duƙufa yana jan alƙalami daga dama zuwa hagu, sai suka ɗauka addu'o'i yake tarawa, ko waƙen wa'azi. In yana rubutu har yara ake kora daga ƙofar shagon. Bai taɓa gyara musu ba. Ni ma ban gyara ba, sirrin yana yi mini daɗi.

Ya rasu da damina, masarar bayan gida ta fara goyo, ina 'yar shekara goma sha uku. Baffana, babban ɗansa, yayan mahaifina, shi ya tattara littattafan. Sun cika kwando. Ya naɗe su da farin ƙyalle ya sa a adaka, ya ce kada kowa ya taɓa sai da alwala. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ji cewa tsoho ya bar mana ilimi.

Bayan sadakar arba'in ya tara dattawan unguwa a zaure, har da liman, a buɗe a ga abin da ya kamata a kwafa. Liman idonsa ya yi rauni. Ya juya littafi, ya kai shi har hancinsa, ya ce a nemo wanda ya san hannun marigayi. Aka aika cikin gida. Mahaifiyata, baiwar Allah, ta ce ai ni ce 'yar gidansa, ni na san hannunsa.

To, mai karatu, nan ne nawa laifin, kuma ban taɓa ɗora wa kowa shi ba. Da na ce ban iya ba, da shi ke nan, da suna nan cikin adaka. Amma ga zaure cike da manya, an shimfiɗa mini tabarma, kowa ya yi tsit yana jirana. Kaina ya kumbura. Kuma wallahi na zaci za su ji daɗin da nake ji. Na buɗe inda hannuna ya faɗa, na yi bisimilla, suka gyara zama. Na karanta:

"Wannan baiwar Allah, da ta ɗaga murya a waƙa ta biyu, sai da na ajiye almakashi. 'Yan amshinta dai sun yi mata yawa, suna taka mata baki."

Wani ya yi tari. Wani can baya dariya ta kuɓuce masa, ya mai da ita gyaran murya. Liman ya ce, "Ɗan juya gaba, 'yata." Na juya. Gaban ma maganar makaɗin kalangu ce. Baffa ya miƙo hannu, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Kawo. Shiga gida."

Kafin la'asar an gama shawara. Ba za a bar su ba, kada a ce dattijon da ba ya rasa sahun gaba ya ƙare rayuwarsa yana yabon muryar zabiya. Ba kuma za a zubar a juji ko a ba mai ƙosai ba, tunda kowane shafi da sunan Allah a kansa. Saboda haka Baffa ya yi alwala, ya haƙa rami a bayan gida, ya riƙa ƙona su ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi. Takardun sun sha danshi, suka ƙi kamawa, sai da aka zuba kananzir. Ya binne tokar don kada a taka. Ka ji fa, tokar ce ta samu girmamawa. Mahaifina yana tsaye bai hana ba, shi ƙane ne. Ina kuka a bayan ɗakin girki, kakata ta dafa ni ta ce, "Yi shiru, asirinsa ake rufawa."

Wane asiri? Mutumin nan bai zagi kowa a kasuwa ba, bai yanki yadin kowa ya ɓoye ba. Ya saurara ne da kyau, ya karanta da kyau, ya faɗi gaskiyar abin da ya ji. Wannan shi ne abin kunyar da aka haƙa wa rami.

Yanzu kowa mai sharhi ne. Waƙa ta fito da safe, kafin azahar an gama da ita a waya, rabin masu maganar ba su ji ta har ƙarshe ba. Ba wanda yake jin kunya, har alfahari ake yi. Bana jikar Baffa, wadda ke karatu a jami'a, aka ba ta bincike kan yadda mutanen da can suke sauraron mawaƙansu. Ta zo gida neman ko wani ya taɓa rubuta wani abu. Ina zaune, Baffa na kan kujerarsa, ya tsufa tukuf. Ya ɗaga kai ya ce, "Ai mahaifinmu marubuci ne, tun ba a san wannan harkar ba. Littattafai kwando guda."

Yarinya ta zabura. "Suna ina, Kaka?"

Ya dube ni, na dube shi. Ya sani, na san ya sani.

"Gara ce ta cinye su," in ji shi. "Ko ba haka ba?"

Na haura hamsin, ina da jikokina. Saura kaɗan in faɗi gaskiya. Amma yayan ubana ne, kuma a gaban jikarsa muke.

Na ce, "Haka ne, Baffa. Gara ce."

Yarinyar ta buɗe littafinta ta rubuta.