Kwalbar da Ban Wanke Ba

Edita, ina roƙon ɗan fili in ba masu karatu labarin abin da ya same ni, ko wani zai tsira da shi. A farkon shekarun 1980 ni saurayi ne haifaffen Kurfi, ina koyarwa a wata firamare a Dutsin-Ma. Aibina da kowa ya sani shi ne mafarki ido biyu. Duk ɗan littafin soyayya da ya shigo kasuwa sai na saya, har na riƙa ganin kaina saurayin cikin labari, wanda kan ba masoyiyarsa kyautar da ba a taɓa ba wata ba. Ina kuma da baiwar da na samo a ɗakin mahaifiyata, mai sana'ar haɗa turaren wuta da humra: hancina ba ya kuskure.

A lokacin na saba da wani Kirista mutumin Jos, ma'aikacin safiyo da ya zo aikin dam. Ya yi karatu a Sikotlan, ya dawo da sha'awar ɗanɗana giyar wuski. Ban taɓa ganinsa a buge ba. Kwalabensa kaɗan ne, kowace daga masana'anta guda, ta sha'ir zalla ba gauraye, wata ta shekara goma sha biyu a gangar itace, wata goma sha biyar. Ran Asabar da la'asar yakan zauna ƙarƙashin darbejiya, ya zuba ɗan kaɗan, ya ɗiga ruwa, ya shinshina, ya riƙe a baki, sannan ya yanke mata hukunci kamar alƙali. Bai taɓa miƙo mini ba. Ya ce ya san addinina, kuma ba ya son tsinuwar tsohuwata ta bi shi har Jos. Ni ne na nace cewa shinshinawa ba sha ba ce.

Ranar da na fara kai hanci, na ce masa na ji hayaƙin itacen da aka yayyafa wa ruwa, sai zuma, sai busasshen dabino, can ƙasa kuma ƙamshin sabuwar fata irin ta rumfar dukawa. Ya buga cinya yana dariya, ya ce a banza ya sha sanyin ƙasar Turawa, ashe gwanin yana Kurfi. Ya laƙaba mini Malam Hanci. Abokansa suka riƙa zuwa don su ji abin da zan ce a kan kowace kwalba, ni kuwa kaina ya kumbura. Daga hanci na koma ɗiga wa harshe in tofar, ina lallashin zuciyata cewa ai ban haɗiye ba. Shi da kansa ya gargaɗe ni cewa tsakanin harshe da maƙogwaro ba a ajiye mai gadi ba.

Akwai yarinyar da nake nema a Tamawa. An kai kayan na-gani-ina-so, an gaida iyaye, ana jiran kaka a sa rana. Da Sallah ta matso na so in ba ta kyauta irin ta cikin littafi. A makon ne kwalbar shekara goma sha biyar ta ƙare, koriya ce mai kyan wuya, na roƙa ya ba ni. Amfani da tsohuwar kwalba ba baƙon abu ba ne a wurinmu, a cikinsu ake sayar da man shanu da man gyaɗa, amma kowace mace ta san sai an wanke da toka da ruwan zafi an shanya. Ni ban wanke ba, kuma da gangan. Akwai ɗan sauran da ya kwanta a gindinta, mai ƙamshin hayaƙi da dabinon nan da ya tafi da hankalina, na so in ji shi a jikinta. Na ɓare takardar da ke manne a jikin kwalbar, na zuba humrar mahaifiyata a kai, na girgiza.

Ta yi murna ƙwarai. Ranar Idi ta shafa a jiki da mayafi, ta ba ƙannenta, har mahaifiyarta ta shafa a mayafi. Bayan an sauko suka je gaida baffanta, tsohon soja da ya daɗe a bariki. Da ya ji ƙamshin a jikinsu, ya sa aka kawo kwalbar, ya shinshina murfin, ya aika a kira ni. A zaure ya ba ni ruwa, ya tambayi mutanen gida, sannan cikin sanyin murya ya ce Malam, me ke cikin wannan kafin turare. Maimakon in sunkuyar da kai, sai Malam Hanci ya tashi a cikina. Na shiga yi masa bayani cewa ba burkutu ba ce kamar yadda yake zato, abu ne mai daraja da ya shekara goma sha biyar a ganga. Ya dube ni, ya ce ashe duk shekarun nan tana can tana jiran mayafin sallar 'yarsa.

Ban sake ganinta ba. Gwaggonta ce ta kawo mini saƙonta: da sha na yi, da tsakanina da Ubangijina ne, tana iya jiran in tuba. Abin da ba za ta iya mantawa ba shi ne na bar ta ta tsaya gaban Allah da najasa a jiki, ita da mahaifiyarta, alhali na sani. Abokin nan nawa mutumin Jos ya hau babur har Tamawa ya ba da haƙuri, aka karɓe shi da mutunci, amma ba a sauya magana ba. Aka dawo da kayana, kwalbar na ciki, an wanke ta tas. Na kai hanci ban ji komai ba, babu hayaƙi, babu dabino, babu humra.

Ta yi aure a Kuki, ni ma daga baya Allah ya ba ni iyali, kuma ban sake kusantar wuski ba. Na daɗe ina ɗora laifin a kan kwalba da littattafai, kafin in gane cewa ƙamshin da nake so na so mata, ban taɓa tunanin abin da ita take kiyayewa ba. Matasa, ku ji tsoron ranar da za ku fara yi wa kanku fatawa da cewa ai kaɗan ne. Kuma kafin ku miƙa wa wadda ta amince da ku wani abu, ku tambayi kanku ko za ta karɓa in ta san abin da ke gindinsa.