Fiffiken da Na Shanya a Rana

Assalamu alaikum edita da masu karatu. Lokacin da wannan abu ya faru ina ɗan shekara talatin da 'yan kai, direba ne ni a Riyad, shekarata ta shida da barin Maraɗi. Ɗan kafinta ne ni, a cikin ƙurar katako na tashi, kuma ko da na bar sana'ar na kama sitiyari, ban daina ganin kaina a matsayin masanin itace ba. Ina da rawar kai, ba zan ɓoye ba. Idan ana gyaran abu sai na sa baki, idan aka tambaye ni abin da ban sani ba, da wuya in ce ban sani ba. Abokan zamana a unguwar Al-Shifa har tsokanata suke yi, wai ko jirgin sama aka kawo zan ce na taɓa gyara irinsa. Ashe bakinsu zai kama ni.

Ina yi wa wata likita tuƙi, Baturiya 'yar ƙasar Poland, ita ce kafilata, wato takardar izinina da zamana a ƙasar duk a hannunta suke. Mace ce mai adalci amma ba ta son wasa da aiki. Da mahaifiyarta ta rasu, sai ta ɗauko mahaifinta ya zauna da ita. Tsoho ne dogo siriri, ya kusa tamanin, hannuwansa manya kamar na manomi. Ni aka ɗora wa kai shi asibiti da kasuwa, kuma tun ranar farko na fara kiransa Baba Muhandis, wato injiniya da Larabci, domin likita ta gaya mini aikinsa ke nan. Turancinsa a karye, nawa ya fi nasa karyewa, sai mu haɗa da ɗan Larabcin titi da nuni da hannu, mu fahimci juna sarai.

A cikin mota ya ba ni labarinsa, kaɗan-kaɗan, muna maƙale a cunkoson titin Ulaya. Ya ce aikinsa tun yana saurayi shi ne zana jirgin sama mara inji. Na yi dariya har na kusa buga motar gabana, na ce masa jirgi babu inji ai sai dai aljanu su tura shi. Bai ji haushi ba. Ya nuna mini shirwa tana shawagi can sama ba ta kaɗa fiffike, ya ce iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa ce ke ɗauke da ita, kuma mutum ma zai iya hawa wannan iskar idan an yi masa fiffike mai kyau. Ya ce a garinsu na kan duwatsu yana yaro yake share wurin da ake haɗa irin waɗannan jirage, don kawai a bar shi ya taɓa su. Daga nan ya yi karatu, ya shiga masana'anta, ya yi fiye da shekara talatin yana zane da lissafi, kuma jiragen da ya sa hannu a kansu sun tashi a ƙasashe da yawa. Amma akwai guda ɗaya da ya tsaya masa a rai. Shi ne zanensa na ƙarshe, mai fiffike dogo siriri. Manyansa suka ƙi, suka ce fiffiken zai kama karkarwa a sama idan ya yi gudu, ya karye, ya kashe matuƙi. Shi kuwa ya ce lissafinsa daidai yake. Ana cikin wannan gardama ƙasarsu ta canza tsari, masana'antar ta mutu, aka sallame su, ba a taɓa gwada zanen ba.

Wannan zane ne ya zo da shi Riyad a cikin akwati. Ya ce kafin ya mutu yana so ya haɗa ƙaramin samfurinsa, wanda ake sarrafawa daga ƙasa, ya gani da idonsa ko shi ne da gaskiya ko su. Likita ta ba shi ɗaki guda, aka aiko masa da katako daga ƙasarsu, wani fari mara nauyi da falanki siriri kamar takarda. Wata tara muna wannan aiki, ni da shi. Na ce muna, domin da ya ga na iya riƙe zarto da goge katako sai ya mai da ni abokin aiki, kuma wallahi na ji daɗin haka fiye da yadda zan iya faɗa. Kowane fiffike ya fi ni tsawo. Ɗakin kullum da sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ga wata 'yar na'ura da ake zuba wa ruwa tana fitar da tururi, domin ya ce bushewar iskar Riyad tana cinye katako da gam. Da muka gama, ya sa na sayo ƙananan buhunan shinkafa, muka kifa fiffiken muka jera su a kai ɗaya bayan ɗaya don a ga ko zai ɗauki nauyi. Ya lanƙwasa, ya dawo, bai ko yi ƙara ba. Ranar tsohon nan rawa ya taka a gabana.

Sai ciwon zuciya ya kwantar da shi a asibiti, tsakiyar zafi. Kafin a tafi da shi ya ce mini abu biyu kawai, in riƙa zuba wa na'urar ruwa, kuma kada in kashe mukayyif. Wata safiya na cika ta fiye da ƙima, ruwa ya malalo kan tebur ya jiƙa gindin fiffiken dama. Nan ne kafintan da ke cikina ya tashi. A gidanmu katako ya jiƙe, rana ake kai shi, haka na ga ubana yana yi tun ina rarrafe. Ban tsaya na yi tunanin cewa wannan ba ƙyauren ɗaki ba ne. Na ɗauke shi na hau da shi saman bene, na jingina shi, na ce awa ɗaya ta isa. Ina saukowa likita ta kira, wai in zo maza in kai wasu takardu. Daga can aka aike ni wani wuri, daga wani wuri zuwa wani, ban dawo ba sai bayan la'asar. Innalillahi! Fiffiken da zafi kamar an ciro shi daga tanda, ya ɗan murɗe, kuma da na ɗaga shi na ji wani ƙas-ƙas a ciki. Na mai da shi ɗaki, na danne shi da buhunan shinkafar nan kwana uku har ya miƙe a ido, na goge, na shafa mai. Da Baba ya dawo ya shafa shi da hannu, ya yaba mini da riƙon amana.

Muka jira har sanyi ya shigo. Likita ta samo izini a wani fili na masu irin wannan wasa a bayan gari, muka fita da sassafe mu uku. Aka ja jirgin da doguwar igiyar roba, ya tashi shiru, babu ƙara ko kaɗan, ya yi sama yana zagaye. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Baba yana riƙe da abin sarrafawa, hawaye na bin fuskarsa, yana magana da yarensu shi kaɗai. Ni kuwa ina ta addu'a a zuci Allah ya rufa mini asiri. Sai ya ce yanzu ne gwajin gaske, ya sunkuyar da hancin jirgin don ya yi gudu. Fiffiken dama ya fara karkarwa a kan idonmu, ya ɓalle, jirgin ya juyo ya daki ƙasa. Tsohon ya zauna a kan yashi, ni na je na tsinto guntayen.

Washegari ya kira ni ɗakin. Ya baje guntayen a tebur, da takarda a gabansa ya rubuta duk abin da zai iya jawo haka, yana bi yana sokewa, domin haka aka koya masa aiki. Saura biyu, ko zafi ya taɓa fiffiken gam ya saki, ko kuma zanen ne da kansa ba shi da kyau. Ya dube ni, ba da tuhuma ba, ya tambaye ni ko wuta ta taɓa ɗaukewa yana asibiti, ko mukayyif ya tsaya, ko wani abu ya faru da ya kamata ya sani. Ya ce ba laifi yake nema ba, dalili yake nema. Ni kuwa abin da na gani a lokacin shi ne fuskar likita, da takardar sallama, da jirgin komawa Maraɗi, da iyalina da suke ci daga wannan sitiyari. Na ce masa babu abin da ya faru. Ya sake tambaya, na rantse. Ya gyaɗa kai, ya ce maganata ta ishe shi domin bai taɓa kama ni da ƙarya ba, ya ja layi ya soke zafi. Sannan ya ce ashe mutanen nan su ne da gaskiya, da an gina shi da ya kashe ɗan wani.

Daga ranar bai sake shiga ɗakin ba. Ya ba ni kayan aikinsa duka kyauta, abin da ya fi duka ciwo ke nan. A mota ya daina nuna mini tsuntsaye, ya daina ba da labari, sai kallon taga. Sau nawa na buɗe baki a kan hanya zan faɗa, sai in ce bari sai gobe, bari sai ya ƙara samun sauƙi. Ban san ina da tsoro haka ba sai a kansa. Bayan 'yan watanni ya ce gida yake so, aka mai da shi wurin ƙanwarsa a Poland.

Shekara biyu na yi da wannan abu a ƙirjina. Ina sallah yana faɗo mini, ina cin abinci yana faɗo mini. Wani azumi na kasa jurewa, na tsayar da mota a ƙofar gida na gaya wa likita komai, na ce in za ta kore ni ta kore ni. Ba ta kore ni ba, ta dai ce da na faɗa tun a lokacin, da gam kawai zai sake ya gina wani. Ta ce mahaifinta yanzu mantuwa ta kama shi, amma za mu gwada. Ta kira shi ta bidiyo, na gan shi a kujera an lulluɓe masa ƙafafu, ya rame. Na yi masa bayani, ita tana fassarawa da yarensu, na ce ni ne na kai fiffiken rana, zanensa ba shi da laifin da muka sani. Ya saurara da ladabi, ya yi mini murmushi irin wanda ake yi wa baƙo. Bai gane ni ba. Sai ya juya ya gaya wa 'yarsa, ita kuma ta gaya mini tana kuka, cewa wannan bawan Allah yana da kirki, amma a faɗa masa kada ya damu, shi injiniya ne, ya taɓa yin wani fiffike kuma ya kuskure lissafi.

Abin da na koya ke nan, kuma shi ya sa na rubuto. Kai fiffike rana kuskure ne na wanda ya ɗauka abin da ya sani a gida ya isa ko'ina, kuma irin wannan ana gyara shi. Ƙaryar ce ba ta gyaru ba. 'Yan uwana da ke aiki a gidajen mutane, na san tsoron kafili, na san yadda mutum ke ji idan ya tuna bakunan da ke jiransa a gida. Amma idan kun ɓata abu, ku faɗa ranar da aka tambaye ku, musamman idan mai tambayar zai ɗora laifin a kansa ne in kun yi shiru. Ni na faɗi tawa gaskiyar, likita ta yafe mini, ina kuma roƙon Allah ya yafe mini. Shi kuwa Baba ya manta sunan garinsu, ya manta matarsa ta rasu, wani lokaci har 'yarsa yake mantawa, amma duk wanda ya shigo gaishe shi sai ya gaya masa cewa ya kuskure lissafi.