Zanen Gadon da Yatsuna Suka Rantse a Kansa

Shekarun baya na tafka wata wauta, kuma da hannuna na zaɓo ta daga kan kanta, ba wanda ya tura ni.

Ni dai aji biyu na yi a lakkal, wato makarantar boko, a Maraɗi, malam ya gaji da ni, na gaji da shi. Allon hanya ina gane shi, shi ya sa na yi shekaru ina tuƙi a Washington, amma ƙananan rubutu maiɗakina ce ke karanta min. Abin taƙamata ɗaya ne: mahaifina ɗan yadi ne, don haka nakan ce in na murza ƙyalle sau ɗaya na san uwarsa da ubansa.

A shekarar maiɗakina ta tashi daga doguwar jinya. Maganin ya bar mata fata ba ta son komai sai auduga zalla. Maƙwabcinmu a Silver Spring, wani nas mutumin Jos, ya ara mana 'yar tirelarsa mai ɗaki a ciki.

"Baba, ka kai Mama ta sha iska kwana biyu. Wata takwas ba ta ga komai ba sai silin asibiti."

Na je kanti ni kaɗai don in ba ta mamaki. Na murza wani zanen gado fari, santsi kamar ƙwai. Akwai 'yar takarda a ɗinke a gefe, na kalle ta, ta kalle ni, muka rabu lafiya. Na biya kuɗin zanen na kama hanya.

Wurin da muka sauka ƙarami ne, a gindin duwatsun Virginia: tirela biyar, famfo ɗaya, da wata tsohuwar Baturiya mai wurin da kajinta. Maiɗakina Hajiya ta yi dariyar da na manta sautinta. Bayan azahar ta kwanta a kan sabon zanen. Kafin la'asar ta fito tana susa, wuya da damtse sun yi ruɗu-ruɗu.

"Malam, wannan zanen auduga ne?"

"Hajiya, ni kike tambaya? Ɗan wa?"

Ba ta yi musu ba. Ta ce a hankali, "Ko mu koma gida ne?"

Sai na tuna gwajin mahaifina. Na zare zare daga gefen zanen, na ƙyasta ashana. Auduga toka take zama, ka hura ta tashi. Wannan kuwa rabi ya yi toka, rabi ya narke ya dunƙule kamar kashin ɓera, yana warin leda. Gauraye ne da roba.

Tsohuwar ta ga hayaƙi ta zo da gudu. Da ta ji zancen, ta ce ai mutanen tirela irinsa suke so, ba ya yamutsewa, kuma nan da nan ya bushe. Zane mai kyau ne, ba dai na mai irin fatar Hajiya ba a wannan zafi.

Hajiya ta buɗe jakarta ta ciro tsofaffin atamfofinta guda uku, waɗanda wanki ya yi wa laushi. Muka shimfiɗa su tare. Ba mu koma gida ba. Kwana biyun suka zama huɗu.

Tun daga nan na rage kuri. Masu saƙar yanzu sun iya haɗa zare yadda zai yaudari yatsan ɗan ɗan yadi, ballantana nawa da suka saba da sitiyari. Zanen yana nan, baƙi muke shimfiɗa wa, har yaba shi suke.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne hanyar dawowa. Na ce mata ban so in dame ta da karatun takarda ba ne, tana fama da kanta. Ta juyo daga kallon itatuwa ta taga ta ce:

"Tun ranar da na aure ka na san ba ka iya karatu ba, Malam. Abin da ban sani ba, yaushe ka fara jin kunyata?"