Wainar Kirsimeti a Watan Azumi

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano muka tare a Nassarawa, a ɗakunan baya na gidan wani tsohon ma'aikacin gwamnati. Maigidana malamin asibiti ne. Ni kuwa Bakanuwa ce gaba da baya, kuma Kirista tun daga kakana, abin da mutane da yawa ke ji kamar an ce musu an ga kaza da haƙori.

Cocin da muka samu ƙarami ne, can wajen Giginyu. Da Hausa ake sujada, amma yawancin jama'ar daga Filato da kudancin Kaduna suke. Ranar farko na shiga da mayafina har gwiwa, na gaishe su da Kanancina. Nan take aka jawo mini kujera mai hannu, aka kawo lemo mai sanyi. Da mai sanarwa ya ce baƙi su tashi, na tashi, aka tafa mini. Na ji daɗi.

Mako na biyu aka sake jawo kujerar. Wata uku ana abu ɗaya. Ban taɓa ganin ladabi mai ciwo irin wannan ba. In na doshi mata suna hira bayan sujada, sai hirar ta koma ta tsadar tumatir. Wata rana na ji wata ta rage murya tana cewa, "A dai yi hankali, ba a san wanda ya aiko ta ba." Ban ga laifinsu sosai ba, don lokacin kowa a tsorace yake, jita-jita ta cika gari, wasu har sun tura 'ya'yansu gida. Amma raina ya ɓaci ƙwarai. A unguwa ni ce "matar nan mai zuwa coci", a coci kuma ni ce "matar nan mai mayafi". Na gaya wa maigidana in aka shiga sabuwar shekara a haka, zan riƙa addu'ata a ɗaki.

Kirsimetin shekarar sai ya faɗo cikin azumi. Matan ƙungiyar zumunta ta cocin suka shirya yin girki a gidan Uwar Zumunta, wata dattijuwa ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, layi biyu tsakaninmu. Niyyarsu a kai wa maƙwabta abin buɗa-baki, har an sa maigadinta, Musulmi mutumin Jigawa, ya yanka kajin don kowa ya ci hankali kwance. Ba wadda ta gayyace ni. Na yafa mayafi na tafi.

Ina shiga aka ce, "Sannu da zuwa, ga kujera." Na zauna ƙarƙashin bishiyar mangwaro da lemona a hannu, ina kallon ikon Allah. Wai waina suke yi. Ƙullun ya yi tsami har ina jiyo shi daga inda nake, tandar sabuwa ce ba a horar da ita ba, kuma tun ba ta yi zafi ba suke zubawa. Duk wadda aka juya sai ta fashe. Ni da uwata ta aurar da mu huɗu da sana'ar waina! Na yi haƙuri tanda ɗaya, na yi haƙuri ta biyu. A ta uku na dire kwalbar.

"Don Allah wa ya koya muku wannan aika-aikar? Wannan za ku kai wa mai azumi? Ai sai ya ce da gangan ne!"

Na ci ɗamara da mayafin, na ce a miƙo mini ruwan kanwa da albasa. Na gyara ƙullun, na shafe tandar da mai na bar ta ta sha wuta. Da na juya ta farko, ta tashi fara sol, gefenta ja, sai wata ta yi guɗa. Mata suka kewaye ni. Kaina kuwa ya kumbura. Na shiga ba su labarin uwata da yadda ake layi a ƙofar gidanmu tun da sassafe, ina yi ina nuni da cokali, na juya wa murhu baya.

Ƙauri ne ya katse ni. Tanda guda cur ta zama gawayi.

Uwar Zumunta ta taso daga bakin tukunyar miya, ludayi a hannu. "Ke! Baki kamar reza, hannu kuma yana barci? Shinkafar nan a kai muka ɗauko ta daga kasuwa! Kankare min tandar nan maza, in kin gama ga tukwane can suna jiran ki."

Wata ta taɓa ta tana raɗa, "Mama, baƙuwa ce fa."

"Baƙuwar wa? Baƙuwa tana zagin wainar mutane? Bar ta ta yi aiki!" Ta juyo kaina. "Kuma ranar Talata ƙarfe huɗu akwai koyon waƙa. In kin makara, ke kaɗai za ki share coci."

Na durƙusa ina kankarar tanda, hayaƙi yana shiga idona, ina godiya ga hayaƙin don ya rufa mini asiri. Kafin la'asar mun cika kwanuka, aka rarraba gida-gida. Tukwane bakwai na wanke, wadda ta raɗa cewa baƙuwa ce ni tana yi mini ɗauraya, tana tsokanata wai gawayina ma a kai wa wani ya yi guga.

Na koma gida gab da magariba, zanina duk baƙin tukunya, ina tafe ina 'yar waƙa. Maigidana ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Lafiya? Me ya same ki?"

Na ce, "Faɗa aka yi mini. A gaban kowa."

Ya miƙe a fusace yana neman takalmi. Na riƙo hannunsa ina dariya, na ce ya zauna, ya dai tuna mini ranar Talata tun ƙarfe uku.