Miƙaƙƙen Layi a Kwana ta Huɗu

Shekara goma sha shida Rahmatu ta yi tana aikin jinya a sashen masu ciwon zuciya, a wani asibiti kusa da garin Hyattsville a Amurka. Aikinta kallon allon bugun zuciya ne. Muddin layi na tsalle, mutum na raye. In ya miƙe, sai a ruga da gudu. Mace ce da ko tukunya ba ta yarda ta bari a kan wuta ta je amsa sallama, sai ga shi Allah ya ba ta 'ya mai son tsere.

Haula na da shekara goma sha uku, a 2014, babanta Mu'awiya injiniya ya saya mata kat, 'yar motar tseren nan marar rufi marar ƙofa, wadda mai tuƙa ta ke zaune kusan a kan kwalta. Rahmatu ta yi faɗa, ta yi gaba da shi har kwana uku, sannan ta kafa sharaɗi: duk Asabar da za a je filin tseren da ke bayan garin Clinton, ƙafarta ƙafarsu. Ta zaɓi jikin shingen waya a kwana ta huɗu ta hanyar tseren, inda aka fi gudu, don a ganinta nan ne abin zai faru. Nan take tsayawa da shuɗin mayafinta.

A nan ɗin kuwa motar Haula ta zame ta juya har sau biyu. A na biyun, saura ƙiris motar da ke bayanta ta yi ciki da ita. Rahmatu ta ce an gama.

Mu'awiya bai yi musu ba. Ya buɗe kwamfuta a bayan mota, ya zuba bayanan 'yar na'urar da ke manne a sitiyari, mai rubuta gudu da takun totur na kowane zagaye. Rahmatu ta leƙa, ta ga layi ya hau ya miƙe ɗoɗar. Ta dafa mota tana salati, alhali ga yarinyar nan a gefenta tana shan ruwa.

Ya yi mata bayani a hankali. A nan miƙaƙƙen layi na nufin ƙafa na kan totur ba ɗagawa, kuma haka kwanar take so. Ɗaga ƙafa a tsakiyarta ne ke sa bayan mota ya zame. Wannan miƙaƙƙen, na wata Asabar ne da aka kira Rahmatu asibiti ba ta zo ba. Ya buɗo na sauran ranakun, kowanne da rami a wuri ɗaya.

Karatun layi dai ba mai koya wa Rahmatu. Ta bi ramin da yatsa, ta ɗaga kai ta dubi inda take tsayawa.

"Haula, me kike gani a nan?"

Yarinyar da kullum da Turanci take amsawa ta sunkuyar da kai, ta amsa da Hausa.

"Ke, Mama. Kina rufe ido."

Asabar ta gaba Rahmatu ta yi zamanta a cikin mota can wurin ajiye motoci, tana jin kukan injuna ba ta san wanne ne na 'yarta ba. Tsoron bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Da Mu'awiya ya ƙwanƙwasa gilashi riƙe da kwamfuta, ba ta tambayi ta nawa Haula ta zo ba.

"Baban Haula, ya miƙe?"

"Ya miƙe."

Ta ce alhamdulillahi, abin da ba ta taɓa faɗa a gaban irin wannan layin ba.