Kowa da Hannu Yake Kiranta

A ƙauyenmu, can bayan Saulawa, ba a zaunar da yarinya a yi mata bayanin jikinta. Ni ma ba wanda ya zaunar da ni. A bakin turmi da wajen kitso na tsinci abin da na sani, inda manyan mata ke sakin baki sun manta akwai yara a gefe. Ki yi kamar kina tsintar wake, ki kasa kunne, ki kwashi rabonki. Haka iyayenmu suka koya, kuma har gobe suna kiran wannan tarbiyya. Ba wanda ya taɓa tunanin yarinyar da ba ta ji.

'Yar yayana ta fari kurma ce. Sanƙarau ya kama ta tana tatata, ya tafi da jinta, magana kuma ba ta zo ba. Ga kaifin ido, ga aiki. Kowa a gidan tana da alamarsa da hannu: babanta shafar gemu, ni kuwa rubutu a iska, don ina koyarwa a firamare a Ikara. Uwarta, mutumiyar garin Taba, tana yi mata kunyar 'yar fari, ko ido ba ta cika haɗawa da ita ba.

Tunda ba ta jin kira, kowa da hannu yake kiranta. Wani ya ja kafaɗarta, wani ya fizgi zanenta, wani ya kama ƙugunta ya juyo ta, na gida da baƙo duk ɗaya. Abin da aka koya mata kuwa shi ne in an taɓa ki ki juyo, ki yi murmushi, ki bi. Ranar da ta noƙe sai a ce taurin kan kurame ne, a kai mata rankwashi.

Wata shekara na je gida lokacin shanyar tumatir, na tarar ta fara zama budurwa. Ina tsaye a bakin shanya wani ɗan dako ya zo wucewa da buhu, ya sa hannu a ƙirjinta ya kawar da ita daga hanya. Ta yi masa murmushi. Babanta na wurin yana ciniki, ko ɗaga kai bai yi ba. Raina ya ɓaci har na kasa cin tuwo.

Washegari na ja ta ɗakin tsohuwarmu, na ari 'yar tsanar ƙannenta. Ban iya maganar kurame ta makaranta ba, ita ma ba ta iya ba, da ta gida muka yi. Na nuna kafaɗar 'yar tsana na gyaɗa kai. Na nuna inda zane ke rufewa, na ɗaure fuska, na buge hannuna da ɗaya hannun. Da farko dariya take, ta ɗauka wasa ne. Na sake yi, na sake, har dariyar ta tsaya. Ta daɗe tana kallon 'yar tsanar. Sai ta ɗora yatsa a wurin da na hana, ta nuna kanta, sannan ta dunƙule hannu ta murza shi a iska kamar mai tayar da babur.

Na san alamar. Ɗan baffanmu ne, mai babur, wanda ke kai buhunan gidanmu kasuwar Makarfi, yake ɗaukarta a baya ta je ta sayar da ƙuli-ƙuli. Magidanci ne da iyalinsa, shi ake ba wa yarinyar don na gida ne. Na tambaye ta sau nawa da yatsu, ta buɗe hannayenta ta rufe, ta sake buɗewa.

Na sami Yaya a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa.

Ya ce, "Wa ya gaya miki?"

Na ce, "Ita, Yaya."

Ya ce, "Bebiyar ce ta yi miki magana? Ke dai bokon nan naki ya isa. Yarinya na zaune lafiya ba ta san komai ba, kin zo kin buɗe mata ido, yanzu kuma zumunci kike so ki raba."

Da yamma mai babur ya shigo kamar kullum, ya kama hannunta zai nuna mata buhu. Ta buge hannun nasa a gaban kowa, daidai yadda na koya mata. Yaya ya tashi ya mare ta don ta raina babba, ya juyo ya ce in haɗa kayana, kuma kada ya ƙara ganina da ita a ɗaki. Ta riƙe kunci tana kallona, tana jira in nuna mata ko daidai ta yi. Na gyaɗa mata kai. Abin da na iya ke nan.

Uwarta ce ta rako ni bakin hanya, abin da ba ta saba ba. Na ɗauka haƙuri za ta ba ni. Na ce mata, "Ke uwa ce, ko ba ki yarda da ni ba, ki hana shi ɗaukarta."

Ta gyara mayafinta, ta ce, "Goggonsu, ai na sani. Tun bara ta nuna mini."

Na tsaya ina kallonta.

Ta ce, "In na yi magana ni za a kora, in bar ta a hannun wa? Da ba ta san abin ba ne, tana cin abincinta tana barcinta. Yanzu kin sa ta sani. Ke ga mota nan za ki shiga, ni zan kwana da ita."

Motar Ikara ta tsaya na shiga. Washegari kasuwar Makarfi ke ci, kuma na ga ƙuli-ƙulin a tsakar gida an riga an zuba shi a bokiti.